Ina karatu daga nesa, ta ina zan shiga maktabar jami'a?

Wata malamar firamare daga Gadarif, a gabashin Sudan, ta aiko da wannan tambaya: "Ina karatun digiri a fannin tarbiyya daga nesa, ina kuma koyarwa. Na kai ga bahasin kammalawa, a kan yaran da ke jin Hausa a gida su zo aji ɗaya su tarar da Larabci. Mushrif ɗina, wato malamin da ke duba aikin, ya ce sai na kawo marja'ai na ƙwarai, wato littattafai da maƙaloli da zan kafa hujja da su. Ni kuwa ban taɓa taka maktabar jami'armu, wato ɗakin karatunta, ba, tun yaƙi kuma ba a ma maganar zuwa Khartum. Shin ɗalibin nesa yana da rabo a maktaba? In yana da shi, ta ina zai ɗauka?"

Ustaza, Allah ya yi jagora, ya sa a gama lafiya. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a bakin teburin maktabar jami'a kafin yaƙi ya taso mu zuwa Kasala, kuma tambayar nan taki ita ce wadda na fi so ɗaliban nesa su riƙa yi, amma ba su cika yi ba. Kina da rabo, cikakke kuwa. Sunanki yana cikin rajistar jami'a, kin biya kuɗin karatu, kina da lambar ɗalibi. Duk abin da maktaba ke yi wa mai zama a aji kullum, hakkinki ne ta yi miki, sai dai hanyar isowarsa gare ki ce ta bambanta.

Bari in fara da abin da na gani da idona, don ki san ba ke kaɗai ba ce. Ɗalibin nesa idan ya matsu da marja'i, farko zai jefa tambaya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. In ba a dace ba ya leƙa Telegram, sannan Google, sannan ya gangara kasuwa wurin mai injin kwafi. A nan Sudan shagon da ake sayar da biro da littafin rubutu ake kuma buga takardu shi ma maktaba muke ce masa, kuma na haɗu da ɗalibai da yawa da suka gama shekara huɗu wannan maktabar kaɗai suka sani. Ta jami'a ita ce ta ƙarshe, in ma an tuna da ita. Ban ga laifinsu ba. Ɗalibin aji a makon farko ake kewayawa da shi, a nuna masa inda kanta take, a yanka masa kati. Na nesa kuwa ba ya ganin harabar jami'a sai ranar jarrabawa, ya shigo da fargaba ya fita da gaggawar neman mota. Mu ma'aikatan maktaba mun zauna jiran wanda zai turo ƙofa, alhali mun san akwai dubban ɗalibai da ƙofar ba ta kan hanyarsu. Wannan gazawarmu ce, kuma har yau tana ci mini rai.

Akwai wani dalilin kuma. Karatun nesa a ƙasar nan ya daɗe, tun daga tsarin intisabi, inda ɗalibi ke karatu a gida ya zo jarrabawa kawai, har zuwa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan da aka kafa a 2002, wadda ta buɗe cibiyoyi a jihohi, malaman makaranta irinki da yawa kuma suka samu digiri ta hanyarta. An gina tsarin ne a kan littafin darasi wanda aka rubuta don mutum ya karanta shi kaɗai a ɗakinsa. Littafin yana isar ɗalibi ya ci jarrabawa shekara da shekaru, har ya ɗauka ilimin fannin duk a ciki yake. Sai an zo bahasi sannan a ce masa ya kawo abin da wasu suka rubuta, ya auna, ya faɗi nasa. A nan ne ƙasa ke zame masa. Daga 15 ga Afrilun 2023 kuma, ranar da yaƙi ya ɓarke, kusan kowa ya koma ɗalibin nesa, har waɗanda ba su zaɓa ba. Jami'o'in Khartum da na Jazira sun watse, darasi ya koma waya, jarrabawa ta koma cibiyoyi a Bur Sudan da Kasala da Gadarif da Atbara, wasu har Alƙahira.

To, abu na farko da za ki nema mutum ne. Ginin maktaba yana iya kasancewa a rufe, ko an wawashe shi, amma shugaban maktaba da mataimakansa suna nan a raye a wani gari, da wayoyinsu a hannu, da yawansu kuma suna ɗauke da kwafin abubuwa a kwamfutocinsu. Ki tambayi ofishin rajista ko mai kula da cibiyarku lambar shugaban maktaba ko adireshinsa na imel. Matambayi ba ya ɓata, amma yadda aka yi tambayar yana da tasiri ƙwarai. Saƙon da ke cewa "don Allah a taimaka mini da marja'ai a kan tarbiyya" ba mai iya amsa shi, don tarbiyya teku ce. Ki rubuta sunanki da lambarki da kulliyarki, ki kawo taken bahasin kamar yadda aka amince da shi, ki faɗi abin da kika riga kika samu da abin da ya gagare ki. Sannan ki tambaya a fili: wace taskar mujallu jami'a ta yi rajista da ita, yaya ake shiga daga gida, kuma za a iya ɗaukar miki hoton babi guda na littafi a turo miki? Wannan na ƙarshen aiki ne da maktabobi ke yi wa ɗaliban nesa a ko'ina, babi ɗaya ko maƙala ɗaya don amfanin karatunki. Littafi sukutum ne ba za a kwafa miki ba, saboda hakkin mai shi. Idan kwana uku suka wuce shiru, ki sake turawa. Ba rashin kunya ba ne. Mutumin yana iya kasancewa a garin da babu shabaka, wato layin waya da intanet.

Ki tambaye shi musamman game da Research4Life. Wannan haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin buga mujallun ilimi, don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta abin da jami'o'in Turai ke biya da tsada. Ya fara da Hinari na fannin lafiya a 2002, sai AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, GOALI na shari'a a 2018, yanzu kuma duk ta ƙofa ɗaya ake shiga. Sudan tana cikin ƙasashen da cibiyoyinsu ke samu kyauta. Ɗalibi ba ya yin rajista da kansa, jami'a ce ke yi, sai a ba maktaba sunan shiga da kalmar sirri, ita kuma ta ba malamai da ɗalibanta. Sau da yawa wannan kalmar sirri tana kwance a aljihun tebur shekara da shekaru ba wanda ya nema. In an ba ki, kada ki jefa ta a zauren WhatsApp. Idan aka ga ana shiga da ita daga wuraren da ba su da alaƙa da jami'ar, ana iya rufewa, kin ga an cuci kowa ke nan. Duk da sunayen sun fi karkata ga lafiya da noma, akwai mujallun harshe da koyarwa a ciki, sai dai galibinsu da Turanci ne.

Kada kuma ki manta akwai jami'a a garinku. Ki nemi kulliyarku ta rubuta miki wasiƙar gabatarwa zuwa maktabar Jami'ar Gadarif, ki haɗa da katinki ki je. A al'adar maktabobin jami'a, mai irin wannan wasiƙa akan bar shi ya zauna ya karanta, ko da ba za a ba shi aron littafi ya tafi da shi gida ba. Yini biyu a sashen risaloli, kina juya bahasin waɗanda suka riga ki, zai koya miki yadda ake tsara babi da rubuta marja'i fiye da duk bayanin da za a yi miki a waya. Ki je kafin damina ta kankama, kin fi ni sanin abin da laka ke yi wa hanyoyin Gadarif.

Yanzu ga maudu'inki, wanda na ji daɗinsa ƙwarai, don ni ma na shiga aji ɗaya ban iya komai da Larabci ba sai abin da na haddace a allo. Na tuna malami ya tambaye ni sunan mahaifina, na gane ana magana da ni amma ban gane me ake so ba, sai na miƙe na karanta masa Fatiha. Wannan yaron yana nan a ajinki yau, kuma ya cancanci a yi bincike na gaskiya a kansa.

Da Larabci, ki fara da Sham'a, taskar binciken tarbiyya ta ƙasashen Larabawa da ke Beirut. Kyauta ce, ba ta neman kalmar sirri, kuma ta tattara maƙaloli da risaloli na fannin koyarwa kaɗai, wasu da cikakken rubutunsu, wasu taƙaitawa. Darul Manzuma ta Saudiyya ta fi ta faɗi, amma sai jami'a ta biya, don haka ki sa ta cikin tambayoyinki ga maktaba. Sai taskokin jami'o'inmu: Jami'ar Khartum da Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Afirka ta Duniya duk sun zuba risaloli masu yawa a intanet kafin yaƙi. Idan shafin ya ƙi buɗewa, ki kwafi taken risalar ki saka a Google Scholar ko a CORE, shafukan da ake nemo binciken ilimi a intanet, wani lokaci akan samu kwafin da aka riga aka kwashe zuwa can. Ki sa ido kan ayyukan da suka fito daga Ma'ahadin Khartum na Harshen Larabci, wanda aka kafa a 1974 don horar da masu koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Ɗalibai daga Najeriya da Nijar sun yi rubutu a can a kan inda Hausa da Larabci suka saɓa a sauti da ginin jimla, da irin kurakuran da Bahaushe ke yi idan yana koyo. Mujallar Dirasat Ifriƙiyya ta Jami'ar Afirka ita ma ki leƙa ta.

Kalmomin da kika zuba a wurin nema su ne rabin aikin. In kin rubuta taken bahasinki gaba ɗaya, ba abin da zai fito, don ba wanda ya taɓa rubuta wannan jimlar sai ke. Ki yanka shi gunduwa-gunduwa. Ki gwada "lugatul ummi" (harshen uwa) tare da "marhalatul asas" (matakin firamare). Ki gwada "attadakhulul lugawi" (kutsen wani harshe cikin wani) tare da "alhausa". Ki gwada "annaɗiƙina bigairiha" (waɗanda Larabci ba harshensu ba ne), da "sunaa'iyyatul luga" (jin harshe biyu). Ki sa kalmomin da ke tafiya tare a cikin alamar zance don a nemo su a jere. Ki kuma tuna wasu marubutan ba su ce Hausa ba, Fallata suka ce, suna haɗa mu da Fulani da Barebari a suna ɗaya, saboda haka ki nema da wannan ma. Duk kalmar da ta fito da abu mai kyau, ki rubuta ta a littafinki.

Akwai sunan da bahasi a kan Hausar Sudan ba ya cika sai da shi: Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Khartum, ɗan garin Mai Wurno. A 1999 aka buga littafinsa a Jamus a kan yadda Hausar Sudan ke sauyawa saboda zama da Larabci, kafin nan kuma ya yi irinsa a kan Fulatanci. Ya yi rubutu da Larabci ma. Ki saka sunansa a Google Scholar, sannan ki danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambaci aikinsa, za ki ga masu binciken da suka biyo bayansa. Daga wajen Sudan, ki nemi rahoton UNESCO na 1953 a kan koyarwa da harsunan gida, da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, aka kuma ga ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Irin waɗannan za ki same su a ERIC, taskar ma'aikatar ilimi ta Amurka, wadda ke da ɗan akwatin da za ki danna don ta nuna miki masu cikakken rubutu kaɗai, da kuma AJOL mai tattara mujallun Afirka. In Turanci yana miki nauyi, ki karanta taƙaitawar farko da sakamakon ƙarshe da taimakon ƙamus ko wata abokiyar aiki mai koyar da Turanci. Marja'i uku da kika fahimta sun fi talatin da kika jera.

Dabarar da na fi koya wa ɗalibai ita ce mafi sauƙi. In kin samu risala ɗaya mai kyau kusa da maudu'inki, ki juya bayanta ki karanta jerin marja'anta da biro a hannu. Sunan da kika gani a risala uku daban-daban, shi ne ginshiƙin fannin, shi za ki nema. In kuma maƙala tana bayan katangar kuɗi, ki duba ko akwai imel ɗin marubucin a shafin farko, ki rubuta masa layi uku cikin ladabi, ki ce ke ɗaliba ce a Sudan kina neman kwafi. Marubuta da yawa suna turowa da murna.

Sai maganar shabaka da wuta. A watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar, na ga abin da ya raba ɗalibin da ya ci gaba da wanda ya tsaya. Akwai wata yarinya, 'yar gudun hijira daga Madani, da ke zuwa inda ake sayar da awa a intanet da 'yar takarda a ninke cikin gefen mayafinta. A takardar ta jera kalmomin da za ta nema da taken maƙaloli biyar da take so, tun daga gida. Tana zama ba ta buɗe saƙon kowa, ba ta karanta komai a wurin, saukewa kawai take yi. Awa na cika ta tashi. Karatun sai dare, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, wayar a kashe daga shabaka don batir ya kai. Na kusa da ita kuwa sukan cinye awarsu suna laluben abin da za su nema. Ki yi irin nata. Duk fayil ɗin da kika sauke, ki canza masa suna nan take zuwa sunan marubuci da shekara, ki ajiye kwafi a katin waya, wani kuma ki tura wa kanki a imel ranar da shabaka ta yi ƙarfi.

Abin da ya fi kayar da ɗaliban nesa a gaban mushrif kuwa shi ne rashin rubuta asalin abu tun farko. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa wurina saura mako biyu ya miƙa bahasinsa, ya buɗe mini waya, hotunan shafuka fiye da arba'in, duk magana mai ma'ana, amma ba bangon littafi ko ɗaya. Bai san wa ya rubuta ba, bai san shekara ba. Mun yi kwana uku muna bin sawu, muka gano kaɗan, sauran dole ya zubar, ciki har da wanda ya gina babinsa na biyu a kai. Saboda haka kafin ki ɗauki hoton shafin da kike so, ki ɗauki bango da bayan shafin take, inda aka rubuta maɗaba'a da gari da shekara da bugu na nawa. Ki tabbata lambar shafi ta fito a hoton. In kina da kwamfuta, manhajar Zotero kyauta ce kuma tana tsara marja'ai da kanta. In babu, littafin rubutu na yaran makaranta ya wadatar, kowane marja'i shafinsa guda: bayanin littafin a sama, abin da kika cirato a tsakiya cikin alamar zance, ra'ayinki a ƙasa da biro mai wani launi, don kada wata uku nan gaba ki kasa bambance maganarki da ta marubucin.

Littattafan da ke yawo a Telegram, ki duba su da kyau. Wanda aka ɗauki hotonsa daga bugun asali, lambobin shafinsa daidai suke. Wanda aka sake bugawa da kwamfuta, shafukansa sun goce, wani lokaci har da ɓataccen rubutu. Maktabatus Shamila, manhajar da ta tattara littattafan Larabci, tana da amfani ga nahawu da littattafan magabata, tana kuma aiki ba shabaka, amma ki duba shafin bayanin littafin ki ga ko an ce lambobinsa sun dace da bugaggen. Manhajojin nan masu amsa tambaya irin su ChatGPT kuma, za su iya taimaka miki da fassara ko gyaran jimla, amma suna ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, su jera miki su tsaf kamar gaske. Duk marja'in da ba ki buɗe da idonki ba, kada ya shiga bahasinki. Game da masu sayar da bahasi a shirye a shagunan kwafi, roƙonki nake yi ki nisance su. Ke kina da abin da ba su da shi, wato aji cike da yaran da ake magana a kansu, da iyayensu da za ki iya zama da su ki ji ta bakinsu da Hausa. Abin da za ki rubuta daga wannan ajin babu shi a Sham'a, babu shi a ERIC.

Shi ya sa nake da buƙata ɗaya a wurinki. A watan Mayun 2023 wuta ta cinye maktabar Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, tare da littattafai da takardun da aka yi shekaru ana tarawa. A wurare da yawa risalolin da aka ajiye kwafi ɗaya tak a kan kanta sun tafi ke nan. Idan Allah ya sa kin gama, ki ba maktabar jami'arku kwafin takarda da na PDF, ki nemi a saka shi a taskarsu ta intanet da cikakken take da taƙaitawa cikin Larabci da Turanci, ki sa kalmar Hausa da Gadarif a cikin kalmomin nema. Ki kai wani kwafin maktabar garinku, wani ki bar wa shugaban makarantarku, ki kuma karanta wa iyayen yaran sakamakon da Hausa ranar taron iyaye.